Waƙar Dakan Yaya a Bakin Na'ura

A bencin asibiti a Kano na tsinci waƙoƙin Japan ɗin nan, lokacin da aka kwantar da Yaya. Mata ne ke ciki da ita, ni nawa aike ne da jira, jira kuwa latse-latsen waya yake sa ni. Haka na faɗa kan wata siririyar murya tana zuba waƙa da gudu kamar ana korarta. Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma na yi ta maimaitawa har caji ya ƙare. Daga baya na gano ba mutum ba ce, manhaja ce. Ka rubuta mata kalmomi da kari, ita kuma ta rera.

Yaya ce ta goye ni bayan rasuwar Inna. A Dugabau take aure, kuma duk unguwar an san muryarta, don ba ta iya daka shiru. Tana da waƙar daka da ta gada wajen Inna, ta ƙara mata nata baitoci, har da na tsokanata, wai auta mai kunnen ƙashi. Ciwon maƙogwaro ne ya kai ta ga aikin likita. Ta tashi, amma muryar ba ta dawo ba, sai raɗa.

Bayan an sallame ta, duk Asabar nakan hau babur daga Gwarzo in je gaishe ta, in kunna mata sabuwar da na samo. Mijinta ya ce wannan ai kukan aljanu ne, ita kuma ta yi ta dariyar da ba a ji. Har ta fitar da gwanayenta, masu tafiya a hankali, in sun ƙare ta ɗaga yatsa a sake.

Ranar da na gaya mata mai waƙar ba ta da maƙogwaro, ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta jawo ni ta tambaya ko na'urar za ta iya koyon waƙarta ta daka. Babu wanda ya taɓa ɗaukar muryar Yaya. 'Ya'yanta duk maza ne, matan unguwa kuma sun koma kai hatsi inji. Na gane tsoron da take ji, kada waƙar ta ɓace, kuma ni ma ya kama ni.

Baki ya riga hankali, na ce za ta iya. Na sha wuya da tsohuwar kwamfutata, gaɓa bayan gaɓa. Yaya na raɗa min kalmomin, tana buga karin a gwiwata. Gero na fitar da kai na gama.

Na kunna mata a tsakar gida, ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai.

“Auta, wannan ba ta taɓa ɗaga taɓarya ba. Ina wajen numfashi?”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma gaskiyarta ce, na'urar ta bi baitocin a jere ba ta huta ba, don ba ta san gajiya ba.

Yaya ta ce in sake kunnawa. Ta miƙe ta kama taɓarya, ta kasa ɗaga ta, sai ta rungume ta kawai. Waƙar na tafiya, duk inda ya kamata taɓarya ta sauka a turmi sai ta saki numfashi mai ƙarfi, irin na mai daka. Shi kaɗai ne sautin da ya rage mata. Na karɓi wayar mijinta na ɗauki sautin.

Ba ta ga shigowar geron gida ba, rai ya yi halinsa.

Har yau ina neman sabbin waƙoƙin Japan, ina kuma samun masu daɗi, sai dai babu mai ɗaga min yatsa. Waccan da na ɗauka kuwa ba kullum nake iya kunna ta ba. In na kunna, nakan manna wayar a kunne, in bar na'ura ta yi ta waƙarta, ni ina jiran inda Yaya za ta yi numfashi.