Istifanus Andrawus, Birkilan da Akwatinsa Ya Je Makaranta Sau Uku

Haihuwa

An haifi Istifanus a shekarar 1949 a wani ƙauye na ƙasar Bogoro, mahaifinsa Andrawus manomi ne, mahaifiyarsa kuwa Rifkatu. Bai shiga aji ba sai da ya zo Bauchi a 1968, inda ya koyi aikin birkila a unguwar Gwallaga, ya kuma iya karatu a ajin manya na coci. Tun daga ranar da aka yi masa baftisma ba shi da burin da ya wuce zama mai bishara.

Aure da kira na farko

Ya auri Zinariya a 1974, suka tare a Yelwa. Bisa al'adar ikilisiyarsu, mutum ɗaya ake zaɓa a tura makarantar masu bishara, jama'a su ɗauki nauyinsa. A 1977 dattawa suka zaɓe shi, har ya sayi akwatin ƙarfe a kasuwar Wunti, aka rubuta sunansa da farin fenti. Ana shirin tafiya yayansa Jesse ya rasu, ya bar marayu huɗu. Istifanus ya kwaso su, ya bar gurbinsa ga wani matashi, ya ba shi aron akwatin.

Jinya

A 1988 aka sake zaɓensa, sai ɓarin jikin Zinariya ya shanye. Danginta sun nemi ɗaukar ta, ya ƙi, domin a cewarsa a gaban Allah ya yi alkawari, ba a gaban dangi ba. Akwatin ya sake tafiya da wani. Shekara goma sha ɗaya yana mata wanka, yana tuƙa tuwo, abokan aiki suna kiransa uwargida, har ta rasu a 1999. 'Ya'yansa sun ce ranar da motar ɗaliban makarantar bishara ta tashi ba shi a 1988, bai iya cin abinci ba.

Shekarun ƙarshe

A 2001 ikilisiya ta kira shi karo na uku, ba maraya a gabansa, ba majinyaci. Ya yi mako yana addu'a, sannan ya roƙi a tura Filibus, autan marigayi Jesse, wanda zai fi shi daɗewa a aikin, ya kuma miƙa masa akwatin. Ya ci gaba da sharar coci da duba marasa lafiya har ƙarfinsa ya ƙare.

Rasuwa

Ya rasu a Yelwa a watan Yuli na 2019, yana da shekara saba'in. Ya bar 'ya'ya uku, Keziya, Habila da Lami, da 'ya'yan Jesse huɗu waɗanda ba su san wani uba ba sai shi. Bai taɓa hawa bagadi ya yi wa'azi ba. Fastoci ukun da suka yi karatu da akwati mai ɗauke da sunansa, su ne suka sa kafaɗa suka kai shi makwancinsa.