Fim ɗin da ya kai mu Assakio

Ina 'yar shekara goma sha uku, muna haya a unguwar Bukan Sidi, matar mai gidanmu ta samu bidiyo. Duk Asabar da rana, in an kawo wuta, matan gidan sukan taru a falonta. Mama ba ta cika zuwa ba saboda ɗinki, amma wata Asabar na matsa mata har ta biyo ni.

Tsohon fim ɗin Indiya ne, ba fassara. Matar gidan ce ke yi mana bayani, don ta kalle shi ya fi a ƙirga. Wata uwa ce mijinta ya mutu, ta yi ta fasa dutse har 'ya'yanta uku suka zama mutane. Da suka yi aure kowa ya riƙa tura ta gidan ɗan'uwansa, ƙarshe ta koma zaman bakin titi. Falon ya cika da shessheƙa, wata tana ta tsine wa 'ya'yan.

Na saci kallon Mama. Ita kaɗai ta riƙe mu tun rasuwar Baba, don haka na ɗauka za ta fi kowa kuka. Idonta a bushe yake. Tun kafin a gama ta tashi ta fita.

Na yi kwana biyu ina zargin kaina. Ko mu ta hango a cikin yaran nan? Na shiga yin shara da wanke-wanke ba a sa ni ba.

"Ke, lafiyarki kuwa?" in ji Mama.

"Mama, mu ba za mu yi miki haka ba."

"Wa ya tambaye ki? Wanke gyalenki, gobe za mu Assakio."

A garin Assakio mahaifiyarta take. Sau ɗaya na taɓa ganinta ina ƙarama, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini dalilin da ya sa ba ma zuwa.

Mun tarar da Kaka a gindin mangwaro tana feren rogo. Mama ta durƙusa ta gaishe ta da yarensu, wanda ban iya ba. Na tsaya ina jiran kuka da neman gafara. Kaka ta dube ta, ta amsa, ta turo mata wuƙa da kujera 'yar tsugunno. Ni kuma ta ce mini da irin Hausarta, "Kai ne babba? Zauna." Haka muka yi ta fere har azahar. Sun yi magana jefi-jefi, sau ɗaya ma suka yi dariya, ban san a kan me ba.

A mota muna dawowa na kasa haƙuri.

"Mama, me ya haɗa ku da Kaka?"

"Ba abin da ya haɗa mu. Yau aiki, gobe aiki, sai na ga shekaru sun wuce."

"To me ta ce miki?"

"Ta ce na rame."

Ta juya fuskarta wajen taga. Ban gane ko fushi take yi ba, ko kunya, ko kuma gajiya ce kawai.

Daga nan muka riƙa zuwa duk ƙarshen wata har Kaka ta rasu. Bayan na girma na tambayi ƙanwar Mama ko akwai wata rigima da aka ɓoye mana. Ta yi tunani sosai, ta ce ita dai ba ta san da wata ba.