Matar da Ta Share Shaidarta

Ga ta nan tsaye a ƙofar gidan da ko ƙyaure babu, doguwa siririya, gyalenta ya sha wanki har ya koɗe. Da ganin riƙon da ta yi wa tsintsiya ka san irin matan nan ne da ko mutuwa ce ta yi sallama, sai sun ce ta dakata su kintsa ɗaki.

Yau ma'aikatan biyan diyya ke bin layin gida-gida, suna ɗaukar hoton abin da yaƙi ya rusa. Maƙwabta masu wayo ko tsinke ba su ɗaga ba. Ita kuwa baiwar Allah, tun da ta ji baƙi na tafe ta kwashe ɓaraguzai, ta kankare baƙin hayaƙi, ta toshe ramukan harsashi da laka.

Mai hoton, gumi sharkaf, yana ta raba ido a tsakar gida fes.

"Mama, ina ɓarnar?"

"Na share, ɗan nan. So kake ka tarar da ni cikin juji?"

"To ai abin da hoto bai nuna ba, ba a biya."

Ba ta musa ba. Wataƙila bakin ya gaji tun ranar da ta binne masu taya ta magana. Ta jingine tsintsiya, ta ɗauki tsohuwar tasa, ta nufi bola tana jan ƙafa.

"Jira ni in kwaso maka," in ji ta. "Amma ka yi sauri da hotonka, don wallahi jujin nan ba zai kwana a tsakar gidana ba."