Durƙuso a Gaban Tagulla

Ina jin a shekarata ta biyu ce a birnin Greensboro na Amurka, ko farkon ta uku, malamar da ke koya mana adabi ta ce kowa ya je lambun shaƙatawa na tsakiyar gari ya ga mutum-mutumin wani marubuci da aka haifa a nan, ya rubuto shafi guda. Kwana biyu na yi ina juya maganar. Aikin makaranta ne, amma kuma siffar mutum ce aka ƙera da tagulla, ga shi ni ne ke yi wa yaran Alhaji karatun Alƙur'ani duk Asabar.

Alhaji ɗan Kano ne, yana aiki a wani sito a titin Wendover, kuma shi kaɗai na sani mai mota. Ya yarda zai kai ni, amma ba zai fita ba.

"Ka je ka gaida gunkinka, Malam. Ina nan."

Na yi niyyar tsayawa nesa. Sai dai tarihin mutumin a wani ƙaramin allo aka rubuta shi, can ƙasa kusa da ƙafarsa, idona kuwa ba ƙarfi gare shi ba. Na sunkuya, ban gani ba. Na durƙusa. Hulata ta nemi faɗuwa, na cire ta na riƙe. Kuma ina da halin motsa baki in ina karatu.

Ban ji tahowar Alhaji ba.

"Malam, gaisuwa ce ko roƙo? Don in san wanda nake bai wa 'ya'yana."

Na ce karatu nake yi, ko da yake na yarda daga mota abin zai iya kama da wani abu dabam. Ya ce sai ya gani da idonsa. Ya sunkuya, bai gani ba. Ya tattare babbar riga ya durƙusa kusa da ni, ya karanta layi biyu, ya ce lallai rubutu ne.

Da ya zo tashi, gwiwa ta ƙi. Na miƙa masa hannu, amma na tagullar ya fi kusa, shi ya kama da hannu biyu ya miƙe. Wata tsohuwa da ke yawo da karenta ta tsaya tana mana murmushi.

Da muka kusa gida sai ya ce:

"Ranar Asabar ka zo da wuri. Hajiya kuwa in ta tambaya, laburare na kai ka."