Malalaciyar Sifikar Mai Inji

An baza a layin cewa wai Mai Inji ya ɗauki masu gadi biyu ya tsayar a falonsa, dogaye, baƙaƙe wuluk, ba sa ci ba sa sha, kuma da la'asar sukan yi gurnanin da ya sa kajin maƙwabta suka daina ƙwai. Wata tsohuwa har ta rantse ta ga ɗayansu yana numfashi. To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Sifikoki ne, irin dogayen nan masu tsayawa a ƙasa da kansu, masu araha ma kuwa. Numfashin da tsohuwa ta gani, fatar sifika ce take shiga tana fita in ganga ta buga. Batun kaji dai ana nan ana bincike.

Mai Inji tun yana saurayi yake niƙa a bakin kasuwa, kuma tsayuwarsa ba ta taɓa canzawa ba: kafaɗar hagu jikin inji, hannu yana tura hatsi, gari har cikin gira. Mutum ne da ba ya barin ƙara ta wuce bai san mafarinta ba. In ƙofa ta yi kuka sai ya tsaya ya buɗe ya rufe har baƙon da ke sallama ya gaji. Abin da ba ya son ji ɗaya ne, maganar matarsa cewa injin ya cinye masa kunnen hagu, ya je asibiti. Yakan ce kunnensa garau, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana.

Da sifikokin suka iso, ya ƙwanƙwasa jikinsu ya ce katakon na garin katako ne aka manna masa takarda, amma ba laifi. Ya jona, ya sa tsohuwar waƙar da yake so, ya zauna a tsakiya kamar alƙali. Gangar ta burge shi, don har a ƙirji yake jin ta. Da ya ƙure murya sai gilashin taga ya kama rawa, kiɗan ya cakuɗe ya zama buuu kawai, ya jawo su daga jikin bango, abin ya washe. A fim kuwa, tsawa ɗaya aka yi autarsa ta ruga kwashe shanya, alhali rana tsaka. Sai dai in 'yan fim suka koma raɗa, ƙugin yana haɗiye maganar.

Damuwarsa guda ce. Mai shago ya ce masa in an saita daidai, mawaƙi zai tsaya a tsakiyar sifikokin kamar mutum. Nasa mawaƙin kuwa ya lafe a dama ya ƙi motsi.

"Ta hagun nan malalaciya ce," in ji shi. "'Yar'uwarta ke yi mata aiki."

Ya naɗe ta da bargo ya kai shago, aka canza masa. Sabuwar ma ta zo da lalaci. Ya canza waya, ya hure soket, ya leƙa ramin da ke bayanta da tocila. Matarsa ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Baban yara, ni fa duka biyun suna fasa mini kai daidai wa daida. In wannan ma ba ta yi ba, ba shago za a koma ba."

Ya san inda take nufi. Ya yi kamar da labule take magana.

Ranar hutu ɗan kawunsa ya zo ganin masu gadi, wani shaƙiyyi wanda bakinsa ba ya hutawa. Ana cikin jin waƙa matar ta yi kira daga tsakar gida, Mai Inji ya miƙe ya juya wa sifikokin baya zai amsa. Nan ya ƙame. Malalaciyar ta farka, tana zuba kiɗa tar, ita kuma mai ƙwazon ta yi laƙwas. Ya juyo, suka koma yadda suke. Ya sake juyawa. Haka ya yi ta kewayawa a tsakar falo kamar mai neman alƙibla, ido a rufe. Daga nan ya toshe kunnen dama da yatsa ya tsaya. Ganga tana zuwa, amma kamar daga gidan maƙwabta, siririn kiɗan kuwa babu shi sam.

Ya cire yatsan. Sai ya kama ta hagun ya dinga jan ta kusa da kujerarsa kaɗan-kaɗan, yana zama yana saurara, har mawaƙin ya baro dama ya zo ya tsaya a gabansa. Ya yi murmushi, ya ɗaga murya.

"Maman yara, asibitin nan naki, ƙarfe nawa suke buɗewa?"

Ɗan kawun ya kwanta a kan kafet don dariya.

"Yaya, ashe mai lafiya ka naɗe a bargo ka kai, majinyacin yana biye da ita a baya. Ka je ka ba sifikar nan haƙuri, ka ɓata mata suna a kasuwa. Ko in tambayi mai shago ko yana canza kunne?"

Mai Inji ya dube shi sama da ƙasa, ya nuna masa gefen kujera.

"Taso ka dawo nan hagu ka ci gaba. Daga yau nan ne mazauninka, ba zan ɓata kunnen nan mai kyau a kanka ba."