Almakashin Yayana

Har yau idan na ji ƙanshin turaren wuta irin na gidanmu na Gwange, raina ɓaci yake yi. Turaren ba shi da laifi. Yayana ne ya turara wani abu da shi, kuma tun ranar ban ƙara shaƙarsa da daɗin rai ba.

Mahaifinmu likita ne, cikin 'yan ƙasa na farko da suka yi wannan aiki a garin nan na Yerwa. Tsofaffin Yerwa har yanzu idan suka ji 'yar wane ce ni, sai sun riƙe hannuna sun ba ni labarin yadda ya yi musu allura suna yara. Amma ni abin da na fi saninsa da shi rubutu ne. Kullum bayan la'asar zai zauna a ɗakinsa na zaure, ya buɗe babban littafi mai baƙin bango, ya rubuta abin da ya gani a ranar. Shekarar sanƙarau tana ciki, da ta amai da gudawa, da rijiyoyin da ya sa aka rufe, da ƙauyukan da ya je a kan doki kafin a yi titi. Akwai sunayen cututtuka da barbarci waɗanda ya koya a bakin tsofaffin mata, da kwafin wasiƙun da ya yi ta faɗa da hukuma a kan magani. Kuma yana da wata ɗabi'a: ba ya fara shafi sai ya rubuta bisimilla da larabci a can sama, ya sa kwanan wata a gefenta. Ko takardar magani ce sai ya yi haka.

Ni ce auta. Mahaifiyarmu ta rasu ranar da ta haife ni, kuma Baba ne likitan da ke kanta. Gidanmu ba a maganar wannan rana. Gwaggon da ta raine ni, idan na tambaya, sai ta ce kwana ne ya ƙare, ta aike ni ɗebo ruwa. Yayana lokacin yana makarantar kwana, bai ga komai ba. Sau ɗaya tak na yi ƙarfin halin tambayar Baba, bayan na yi aure har na haihu. Sai ya nuna kantar da ya jera littattafan, can sama kusa da rufi.

“Tana cikin na bakwai,” ya ce. “Har abin da ta faɗa a kanki na rubuta. Idan ba na nan, ki karanta.”

Ya rasu, ban karanta ba. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Sau nawa na je gidan na tsaya a ƙarƙashin kantar, na ga lamba bakwai da ya rubuta da farin fenti a ƙeyar littafin, na ce bari sai wani zuwan. Littattafan nan sun tsallake shekarun rikici, lokacin da muka kulle gidan muka gudu. Sun tsallake ruwan da ya ci Gwange, don kantar tana sama. Gara ma ba ta taɓa su ba. Sai na ɗauka abin da ya tsira daga waɗannan ba abin da zai same shi.

Ni malamar makaranta ce, ina zaune a unguwar Umarari. Wata rana na ji cewa akwai wani ɗakin adana takardun tarihi da ke karɓar rubuce-rubucen manyan mutane, likitoci da alƙalai da malamai, don masu bincike su amfana. Na ce to, wurin takardun Baba ke nan. Na yi niyyar ranar da za a zo ɗauka zan cire na bakwai in karanta tukuna, kowa ya huta.

Shekara biyu ina zirga-zirga a ofishin nan. Aka ce in kawo wasiƙa, na kawo. Aka ce sai duk magada sun sa hannu, na bi su ɗaya bayan ɗaya, har da Yaya, wanda ya sa hannu yana dariya yana cewa 'yan boko ba sa rasa aiki. Aka ce darakta ya yi tafiya. Ya dawo, aka ce fayil ɗina ya ɓata. Aka samo shi, aka ce motar ofis ba mai. Mutum ɗaya ne a wurin ya damu da abin, wani dattijon akawu ɗan kudancin Borno, wanda ya ce Baba ya taɓa yi wa mahaifiyarsa aiki. Shi ya ja ni gefe wata rana.

“Malama, kar ki jira motar nan,” ya ce. “Ki samu napep biyu ki kwaso su. Ni zan karɓa da hannuna, in sa a kabad in kulle.”

Na ƙi. Na ce mutumin da ya yi wa garin nan aiki shekara arba'in ba za a kawo shi a napep kamar buhun gawayi ba. Su zo da mota, su shiga gidansa, su gaisa da iyalinsa. Girman kai ne, na sani yanzu, kuma idan na gama zagin kowa a zuciyata nakan dawo kan kaina a wannan wuri.

Ana cikin haka aka sa ranar auren babban ɗan Yaya, aka ce ɗakin zaure za a gyara masa. An faɗa mini, na ce a ba ni lokaci. Sai jarrabawa ta taso a makaranta, na yi mako uku ban leƙa Gwange ba.

Ranar da na je, tun daga ƙofa na ji warin sabon fenti. Ɗakin Baba ya zama shuɗi. An cire kantar, sai ramukan ƙusoshi da aka toshe da siminti. Yaya yana zaune a tabarma da carbinsa, ya tarbe ni da fara'a.

“Lale, lale, Auta. Wushe. Zo ki ga aikin da na yi wa Baba.”

“Yaya, ina littattafan?”

“Zauna mana. Kullum ke a tsaye kamar mai karɓar haraji.”

Ya shiga ciki ya fito da wani ƙunshi a farin ƙyalle sabo, yana ta ƙanshin turaren wuta da humra. Ya ajiye a gabana da hannu biyu, ya kwance a hankali. Ciki wasu siraran takardu ne, kowace faɗinta bai wuce yatsu biyu ba, an ɗaure su dami-dami da zare. Na zaro ɗaya. Rubutun Baba ne: bisimilla, da kwanan wata a gefe. Na zaro wata, haka. Ƙasan kowace an yanke shi tas da almakashi.

“Kwana shida na yi ina yanka,” in ji Yaya, yana nuna mini kantar da almakashi ya yi masa a babban yatsa. “Shafi ɗaya ban tsallake ba. Kin san ba a barin sunan Allah ya faɗi inda ƙafa za ta taka. Da na bar wa masu fenti, da sun watsar da shi a kwata.”

“Sauran fa?”

“Wane saura?”

“Sauran shafin, Yaya! Abin da ya rubuta!”

“Au, wannan? Ai tunda an cire sunan Allah, takarda ce kawai. Na raba wa matan unguwa masu ƙosai da masu gyaɗa, sadaka, Allah ya kai ladan kabarinsa. Har addu'a suka yi masa.”

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, shi ya kai ni ɗakin miji. Amma ranar sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na ce masa bisimilla tana cikin kowane gida a garin nan, tana bakin kowane yaro ɗan shekara uku, ba ta ɓata ba kuma ba za ta ɓata ba. Abin da babu shi ko'ina a duniya shi ya kwashe ya bai wa masu ƙosai. Na ce Baba ya mutu da asirin mutane a cikinsa, ko mu 'ya'yansa bai taɓa faɗa mana wane ne ke da wace cuta ba, yau ga shi ana naɗe gyaɗa da su. Na tambaye shi me ya ɗauka yake sa wa hannu ranar da na kawo masa takardar magada.

“Shekara biyu ke nan, Auta,” ya ce, ransa shi ma ya fara ɓaci. “Ina mutanen naki? Ko akuyarsu ban gani ba a ƙofar gidan nan. Kuma ki iya bakinki. Sunan Allah kike rainawa?”

Wannan ita ce ta ƙarasa ni. Duk wanda ya leƙo, gefensa ya tsaya. Matarsa ta ce ai ya kyauta. Wani tsoho maƙwabcinmu ya ce haka iyayenmu suke yi, kuma gaskiya ne, haka suke yi. Ni ma tun ina yarinya idan na ga takarda mai larabci a ƙasa nakan ɗauka in soke ta a ramin bango. Ba wanda ya ga an yi ɓarna. Ni kaɗai ce mahaukaciyar da ke ihu a kan tsofaffin takardu.

Na fita ko gyalena ban gyara ba, na bi masu ƙosai. Ta farko ta ce nata ya ƙare tun makon jiya, kuma takardar mai kyau ce, tana shan mai. Ta biyu ta ce ruwa ya jiƙa nata ta zubar. Ta uku, wata tsohuwa a bakin kwata, ta ɗaga dutsen da ta danne nata da shi, ta miƙo mini abin da ya rage. Shafi goma sha ɗaya, kowanne an tsaga shi biyu. Na tsaya a wurin ina dubawa. Lissafin allurai ne da jerin ƙauyuka, sai rabin wata wasiƙa. Ba kwanan wata, don kwanan watan yana gida a cikin farin ƙyalle yana shan turare. Ko daga wane littafi suka fito ban sani ba.

Kwana uku na yi ina bin lunguna, har jujin bayan unguwa na tona da sanda. Yara suna bina suna kallo. Ban ƙara samun komai ba sai baƙin bango ɗaya da aka yi murfin tukunya da shi.

Yaya ya so ya kai ƙunshin maƙabarta ya binne, kamar yadda ake yi. Na ce sai dai ya binne ni tare da shi. Na ɗauke na tafi da shi Umarari, kuma tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na je bikin ɗansa, na zauna a tsakar gida, ban shiga ɗakin ba.

Bayan wata biyu aka kira ni daga ofishin. Wai an samu mai, ranar Talata mota za ta zo. Na ce wa mai maganar ya ba darakta man ya sha. Amma washegari na je da kaina, a napep ɗaya, don dattijon akawun nan ya cancanci ya ji daga bakina. Na ajiye masa shafi goma sha ɗayan a kan tebur, duk sun yi sharkaf da mai. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Bai ce ai na faɗa miki ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya samo sabon fayil ya sa su a ciki, ya rubuta sunan Baba a bango da manyan baƙaƙe.

Ƙunshin ban ba shi ba. Ran wata Asabar da maigidana ya fita, na shimfiɗa tabarma na kwance shi. Yaya mutum ne mai tsari, ko a ɓarna. Kowane littafi daminsa daban, kuma bai hargitsa jerin ba. Na ƙirga zuwa na bakwai, na tsinke zaren, na fara bin kwanan wata. Ban sha wuya ba.

Ga ta nan, ranar da aka haife ni. Bisimillar ba ta miƙe kamar sauran ba, ta karkace, kuma alƙalamin ya huda takardar a wuri ɗaya. A can ƙasa, daidai bakin yankan, ana ganin kawunan baƙaƙen layin farko, 'yan ɗigo-ɗigo da almakashi ya bari. Na kai ta bakin taga, na juya ta, na sa tabarau, na cire. Ban iya karanta ko kalma ɗaya ba.

Tana cikin jakata yanzu, a bayan katin makaranta. Idan mutane suka ce in yi haƙuri, ai Yaya da kyakkyawar niyya ya yi, nakan ce na sani. Shekara huɗu bayan rasuwar Baba littafin nan yana kan kantar yana jirana, kuma tsawon kujera ɗaya ne tsakanina da shi.