Gem Mai Hannu Biyu

A majalisarmu ta bakin titin Mandawari ba a cika musun siyasa ba, musun gem ake yi. Dukkanmu mun ajiye iyali, wasu har furfura ta fara leƙo musu, amma da an idar da La'asar an baje tabarma sai a ɗauko zancen wasannin kwamfuta, a yi ta tayar da jijiyar wuya. Mai gyaran wayar cikinmu ya rantse ba a sake yin gem ɗin ƙwallo mai kyan na da ba, na yanzu kwalliya ce kawai, 'yan wasan kamar an shafe su da man gyaɗa. Akwai malamin firamare da yake ganin in ba na harbi ba ne, to na yara ne. Ni kuwa ra'ayina ɗaya ne, kuma ba na sassautawa: gem hoto ne. In ban ga inuwar mutum a ƙasa ba, ban ga ciyawa tana kaɗawa ba, to ba da ni ba. Na taɓa gaba da mutum har Juma'a ta zagayo don ya yabi wani tsohon gem mai hoto kamar zanen ɗan aji ɗaya.

Zafin nan nawa yana da asali. Ina ƙaramar sakandare kawuna ya kawo mini na'urar gem tsarabar Umara, irin wadda ake cusa wa kaset a jona da talabijin, da abin riƙewa guda biyu da muke kira hannu. Ban more ta ba. Baba ya dawo daga shagonsa na Ƙofar Ruwa, inda yake sayar da rodi da ƙusa, ya tarar yaran unguwa sun cika masa falo ana ihu. Bai daki kowa ba. Ya zare wayoyin, ya naɗe su a hankali, ya ce wannan abin kududdufi ne makomarsa. Washegari na tambayi Umma, ta ce in manta da ita. Ban manta ba. Na girma ina wuce kududdufin bayan unguwarmu ina jin haushi, kuma duk gem ɗin da na saya da kuɗin gumina daga baya, da wannan haushin na saya.

Baba mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Kullum bayan Azahar zai dawo gida, Umma ta kai masa abinci ɗakinsa, a turo ƙofa, ya yi ƙailula. A wannan lokacin ko cokali ya faɗi a tsakar gida sai an nemi wanda ya yar. "Babanku na ƙailula" ita ce maganar da ta fi kowace bulala aiki a gidanmu.

Da ya rasu, Umma ba ta yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta yaba tawakkalinta, ni ma da farko na yaba. Amma baƙi suka watse, ta shiga takaba, shirun bai watse ba. In an gaishe ta ta ce alhamdu lillahi, in an ajiye abinci ta ce to, sai a dawo a ɗauke kwanon yadda aka kawo shi. Zoben hannunta da ta cire ta ajiye, na tabbata da ta mayar da shi zamewa zai yi. Wata rana Yaya, babbar 'yar gidanmu, ta ja ni soro ta ce, "Auta, matar nan bin sa za ta yi muna kallo." Abin da nake ta ƙin faɗa wa kaina ke nan.

Muka raba zama da ita. Yaya ta ɗauki safiya, ni na ɗauki tsakanin Azahar da La'asar. Ashe mafi nauyin na ɗauka. A daidai wannan lokacin Umma takan juya ta fuskanci ƙofar ɗakin Baba, wadda take kulle tun ranar jana'iza, ta zuba mata ido. Na yi hira, na kawo labarin unguwa, na kawo jikoki, duk a banza. Da shirun ya ishe ni, sai na fara zuwa da kwamfutata. Nakan zauna a gefen tabarma, in kashe sauti, in yi ta gem ina jin kunyar kaina.

Ina cikin wani gem da ake yawo gari gari ana neman takobi, sai na ji murya a bayana.

"Wannan ɗan gidan uban waye?"

Na juya a firgice. Umma ce, ta ɗan sunkuyo tana kallon allon.

"Ya faɗa wa mutane gida ba sallama," in ji ta. "Ya fasa musu tulu ya kwashe abin ciki, matar gidan tana tsaye tana kallonsa."

Tun rasuwar ban ji ta haɗa magana mai tsawon wannan ba. Da ƙyar na ce, "Umma, ai haka gem ɗin yake."

"To wanda ya yi shi ba a yi masa tarbiyya ba."

Wannan gem ɗin na sha kare shi a majalisa kamar ni na haife shi. Ranar kuwa da za ta zage shi har Magariba da na gode mata.

Daga nan na mayar da abin sana'a. Kullum sai na zo da wani daban, in juya mata allon, in jira hukunci. Na kawo na noma, inda ake shuka a girbe kafin a ƙifta ido. Ta ce wanda ya yi shi bai taɓa jiran damina ba, kuma kazar da ke ƙwai haka ba hutawa a kai ta a duba ta. Na kawo na tseren mota. Ta ga mota ta daki bango ta tashi ko ƙwarzane babu, ta ce da a hannun mutanen Ƙofar Ruwa take da tuni an auna ƙarfenta a sikeli. Na harbi kuwa ko kallo bai samu ba, ta ce in ɗauke mata shi daga gabanta. Na lura in tana faɗa takan miƙa hannu ta kurɓi kunun da Yaya ta bari, ba tare da ta san ta kurɓa ba. Sai na riƙa matso da kofin kusa da gwiwarta kafin in kunna.

Na kai labari majalisa, suka ƙi yarda sai da na rantse. Daga baya kafin in zauna ake tare ni da "Me Hajiya ta ce yau?" Malamin firamare ya ji an kori gem ɗinsa, ya yi kwanaki yana cika yana batsewa. Mai gyaran waya ya matsa in kai mata na ƙwallo, yana da tabbacin za ta goya masa baya. Na kai. Ta kalla jim kaɗan ta ce mai tsaron gidan asarar abinci ne. Can kuma, da na zubar da wata ƙwallo a gaban raga, ta ce, "Kana saurin dannawa." Na yi dariya na wuce, ban tsaya na tambayi kaina inda ta san ana dannawa da wuri ko a makare ba.

Sai dai da na rufe kwamfutar take komawa yadda take. Idon ya koma kan ƙofar, bakin ya rufe, abincin dare ya kwana a kwano. Kunu ba ya riƙe mutum. Na ga dabarata ta kai iyakarta, sai na ɗauko wanda nake ji da shi fiye da kowanne, wanda ake ganin ɗigon ruwa a kan ganye da gashin dokin da iska ke kaɗawa. Na ce in wannan bai burge ta ba, na haƙura.

Ta kalla ta daɗe. Sannan ta ce, "Hoto kam akwai. Amma ku duk gem ɗinku hannu ɗaya ne?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Kalmar gem ban taɓa jin ta a bakinta ba, balle hannu. Na ce, "Akwai masu hannu biyu, Umma. Na ƙwallon nan ma ai..."

"Wannan gaba ake da juna. Ina nufin wanda ake tafiya tare."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro mukulli ta miƙo mini. "Buɗe ɗakin Babanku. Ka duba lokar da ke ƙarƙashin talabijin."

Ɗakin yana nan da ƙamshin turarensa. Ƙaramin talabijin ɗin da muka sani na jin labarai ne yana kan loka. Na buɗe lokar, na ga wani abu naɗe a cikin farin hirami. Tun kafin in warware na gane nauyinsa. Na'urata ce. Ba tsatsa, ba ƙura. Maɓallan hannayen sun suɗe har rubutun kansu ya goge, kuma an ɗaure wayar ɗaya da baƙin salatif, ɗauri mai kyau irin na Baba. Na durƙusa a wurin na rasa abin da zan ji. Haushi ya zo, dariya ta zo. Ban ji shigowarta ba sai da ta zauna a bakin gado.

Na ce, "Umma, ai cewa ya yi kududdufi zai jefa ta."

"Ya yi niyya. Ya ce bari dai ya ga abin da ke ɗauke wa yara hankali tukuna."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai ya gani."

Ta ce ya kasa wuce ramin farko na cikin gem ɗin, abin ya ba shi haushi, ya kira ta ta riƙe masa ɗaya hannun. Tun daga ranar ke nan. Na tuna yadda muke tafiya da sanɗa a tsakar gida, da ranƙwashin da na sha a hannun Yaya don na yi tari kusa da tagar nan. Na ce, "To ƙailular fa?"

"Wani lokacin yana yin barcin," in ji ta.

Allah Ya sa akwai wuta. Na jona wayoyin, na cusa kaset, allon ya kawo zane-zane barkatai. Kafin in yi wani abu ta zare kaset ɗin, ta hure cikinsa, ta mayar ta danna da tafin hannu. Hoto ya fito tas. Na bi ta da kallo baki buɗe, matar da na yi zaton ko rimot sai an nuna mata.

Irin gem ɗin da nake zagi ne a majalisa. Wasu 'yan mutane biyu, ɗaya ja ɗaya kore, ba fuska ba inuwa, suna gudu suna tsallake ramuka. Na kai hannu zan ɗauki mai salatif ɗin, ta ce, "Ajiye wannan, nasa ne." Ta shafa salatif ɗin da yatsa. Sannan ta ɗauke shi da kanta, ta turo mini nata.

Muka fara. Ni da nake cika baki a bakin titi, ramin farko na faɗa. Na sake faɗawa. Ita kuwa ɗan mutuminta tsalle yake kamar ya haddace hanyar, in ya yi gaba ya tsaya ya jira ni. Ba a jima ba rayukan da gem ɗin ya ba ni suka ƙare, ɗan mutumina ya ɓace daga allon. Na ajiye hannun a cinya na ce shi ke nan, na mutu.

"Danna na gefen dama," ta ce, idonta na kan allon. "Ka ari nawa."

"Ana yin haka?"

"Shi ya sa ya fi duk tarkacen da kake kawo mini. In na mutum ya ƙare, na kusa da shi zai iya ba shi." Ta tsallake wani rami. "Babanku gaggawa gare shi, kullum shi ke fara faɗawa. Ba ya ma tambaya, sai dai in duba in ga nawa ya ragu. In na yi magana ya ce to wa zai ara in ba ni ba."

Ɗan mutuminta ya tsaya cak a bakin wata gada.

"Ranar nan a asibiti ina zaune a gefensa," ta ce. "Ga ni da nawa, lafiyata ƙalau. Ina ta kallon hannunsa..." Muryar ta karye. "Astagfirullah. Allah na tuba."

Sai kukan ya zo. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen mahaifiyata ba, ranar na ga ta kifa fuska a kan hannun mai salatif tana kuka har kafaɗunta na girgiza. Tsoro ya kama ni sosai. Ban san ko in riƙe ta ko in fita ba, sai na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ni ma nawa suka zubo. Haka Yaya ta shigo ta same mu. Ta kalli Umma, ta kalli talabijin, ta kalle ni, ta dafe bango.

Ba wanda ya ce ta yi haƙuri, mun bar ta ta yi mai isarta. Da ta lafa, ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗago ta dubi Yaya.

"Akwai sauran tuwon nan na rana?"

Yaya ta fita da sauri har tana tuntuɓe da dokin ƙofa. Umma ta gyara zama, ta goge hannun Baba da hiramin, ta riƙe shi daidai. Ɗan mutuminta yana nan tsaye shi kaɗai a bakin gadar.

"Ka danna mana, Auta," ta ce. "Ina da saura."

Na danna. Nawa ya faɗo daga saman allon ya tsaya kusa da nata.